MEDOK: ƘASAR TSAKUWA MAI HAIFAR ZINARIYA

Duk wanda ya bar birnin Bordo, a kudu maso yammacin Faransa, ya nufi arewa ta gefen kogin Jirond, zai shiga wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 50 da ake kira Medok. Ba tsauni, ba kwari, sai layukan itacen inabi gajeru, iyakar ganin ido. In mutum ya sauka daga mota ya duba ƙasa, tsakuwa ce zalla, irin wadda manomin dawa ba zai karɓa ko da kyauta ba. Amma daga cikinta ne ake samun jar giyar inabi wadda tana cikin mafi tsada a duniya.

Galibin masu karatunmu ba mashaya ba ne, to amma labarin wannan wuri labarin noma ne da kasuwa, kuma ya cancanci a ji shi.

A da, yawancin Medok fadama ce. Sai a ƙarni na 17 aka ɗauko gwanayen Holan suka haƙa magudanu, ruwa ya janye, tuddan tsakuwa suka bayyana. Tsakuwar ba ta riƙe ruwa, saboda haka dole saiwa ta nutsa can ƙasa neman abinci. Da rana tana shan zafi, da dare ta mayar wa itacen. Daga gabas kogi yana rage kaifin sanyi, daga yamma dajin itatuwa yana tare iskar teku. Itacen da ya sha wuya haka ba ya 'ya'ya da yawa, amma ɗan abin da ya yi, ƙarfinsa ya isa.

Irin da aka fi ji da shi sunansa Cabernet Sauvignon. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, masu kaurin ɓawo. In ka tauna ɗaya, zaƙi ne zai fara zuwa, daga nan bauri ya kama maka dasashi kamar na goro. Wannan bauri dangin sinadarin nan ne da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi don kada ta ruɓe. Shi ne kuma ke sa giyar ta shekara 20 ko 30 a kwalba ba ta lalace ba.

Ana girbi a watan Satumba zuwa Oktoba. Bayan an matse, ya tsimu, sai a ɗura a gangunan katako masu cin lita 225, wato kwalba 300, a ajiye kamar wata 18 a ɗaki mai sanyi. A nan ne maɗanɗana ke aikinsu. Sukan karkata tambulan su dubi launi, su juya shi su sansana, su kurɓa kaɗan su wurwura a baki, sannan su tofar. Sabuwa jajawur take har da duhu, tana ƙamshin 'ya'yan itace, baurinta kuwa kamar ya ɗaure harshe. In ta tsufa, launin yakan koma na jan bulo, baurin ya lafa, ƙamshin ya koma irin na katako da ganyen taba. Gwanin ɗanɗano ba daɗin yau yake nema ba, so yake ya gane ko za ta kai shekara 20, domin a kan hukuncinsa ake yanka farashi.

A 1855, da Sarki Napoliyon na Uku zai yi babban baje-koli a Paris, aka sa dillalan Bordo su jera gonaki bisa ga tsadar kayansu. Suka kasa su aji 5. Gidaje 4 suka hau ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Sai a 1973 aka ƙara Mouton Rothschild, bayan mai gidan ya shekara da shekaru yana fafitika. Uku daga cikin biyar ɗin suna yankin Poyak, wani ɗan gari a bakin kogi, mil 30 daga Bordo.

Ƙasar ta ga masifa. A shekarun 1870 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye saiwoyin inabi, har sai da aka yi wa itatuwan aure da saiwar inabin Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro, sannan aka tsira.

Masifar wannan zamani kuwa ta kasuwa ce. Faransawa sun rage shan jar giya ƙwarai, kaya suka yi kwantai. A 2023 gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar suka fito da shirin biyan manomi Yuro 6,000 a kan kowace hekta in ya yarda ya tuge inabinsa, ana nufin hekta wajen 9,500 a lardin Bordo. Manyan gidajen da sunansu ke cikin takardar 1855 ba su ne suka tuge ba. Ƙananan manoma ne, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, amma gonarsu ba ta faɗo kan tudun tsakuwa ba, sunansu kuma bai shiga takarda ba.

Rana ɗaya ce ke dukansu, ruwa ɗaya ke sauka a kansu. Abin da ya raba su shi ne 'yan mil kaɗan na ƙasa, da wani jerin sunaye da dillalai suka rubuta tun 1855.