Keken jariri mai ƙafa uku: abin da rairayin Gesse ya koya mini

'Yar'uwa, kafin ki tura kuɗin keken jaririn nan da kika gani a waya, ki ara mini la'asar ɗaya mu zaga Gesse tare. A hoto kowane keke sumul yake tafiya, domin a kan daɓe mai santsi ake ɗaukarsa. Hanyar ƙofar gidanki ce za ta gaya miki gaskiyarsa.

Gesse unguwa ce a Birnin Kebbi, rukunin gidaje inda ma'aikata da yawa suke zaune da iyalansu. Tun da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991 garin yake ta buɗewa, gidaje suna gaba, kwalta tana biye da su a hankali. Babban titi shimfiɗe yake, amma da kin karya kwana kin shiga layi, sai rairayi ya karɓe ki. Da rani ƙafa tana nutsewa, da damina ruwa ya zaizaye gefen hanya ya bar ramuka.

Ban taɓa zaton zan sayi keken jariri ba. Da zane da majanyi aka goya ni, haka na goya 'yar farina. Haihuwa ta biyu ce ta zo da tiyata, alhali yayarsa ba ta cika shekara biyu ba. A wurin aiki ni ce mai gaya wa mata cewa bayan tiyata su riƙa ɗan tattaki, kuma kada su ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi har wajen mako shida. Da abin ya zo kaina sai na ga faɗa ta fi yi sauƙi. Ɗinki yana ja, yarinya tana kukan a ɗauke ta, ga jariri a hannu.

Na fara da wani ɗan ƙaramin keke mai ƙafa huɗu na gwanjo, mai tayoyin roba kamar murfin kwano. A tsakar gida ba shi da laifi. Ranar da na fita da shi, taku goma bai yi ba ya kafe a rairayi. Ina turawa yana ƙara nutsewa, ƙarshe da baya na jawo shi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ke zaune a ƙofar gida ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, mi ya samu bayanki kika sa yaro cikin amalanke?" Na gaishe ta, na ce, "Inna, aiki aka yi mini." Sai ta ce, "Ayya, Allah shi ba da lafiya. To ki biɗi mai manyan ƙafafu, wanga na cikin ɗaki ne." Ba ta taɓa tura keken jariri ba, amma ta riga ni gano matsalar.

Abin da ya sa mai ƙafa uku ya fi iya irin hanyarmu yana cikin asalinsa. Wani ɗan jarida a Amurka mai suna Phil Baechler ne ya so ya riƙa gudun motsa jiki tare da ɗansa, ya ga kekunan lokacin ba sa jurewa, sai ya haɗa nasa da manyan tayoyi irin na keken hawa, ya kafa kamfanin Baby Jogger a 1984. Sirrin yana ga girman taya, ba ga yawanta ba. Babbar taya tana hawa kan rairayi da tsakuwa, ƙarama kuwa tona rami take yi ta zauna a ciki. Irin na ainihi tayoyin baya sukan kai inci 16, ta gaba inci 12. Akwai masu ƙafa uku da yawa a kasuwa da tayoyinsu ƙanana ne, siffar kawai suka ɗauko. Waɗannan a layinmu ba su fi nawa na farko ba.

Mu ci gaba da tafiya. Kin ga ciyawar nan da ta kwanta a gefen hanya mai ɗan fure rawaya? Tsidau ke nan, kuma ƙayarsa tana huda taya. Nan za ki yi zaɓi na biyu. Tayar da ake sa wa iska ta fi laushi, tana shanye gargada, yaro ba ya jijjiga sosai, amma za ki saba da mai faci. Ni sau biyu na je wurinsa a wata ɗaya, har ya fara tambayata lafiyar direba. Tayar roba zalla wadda ba a sa mata iska ba ruwanta da ƙaya, sai dai ta fi tauri. In kin zaɓi mai iska, ki tabbata girmanta ɗaya da na kekunan hawa na yara, yadda za ki samu tub a wurin masu kayan keke a babbar kasuwa ba sai kin yi aike Legas ba. Ki ajiye ɗan famfo a gida.

Ga mu a bakin kwata, inda aka ɗora sulab siriri don tsallakawa. A irin wannan wurin na sha tsoron da ban manta ba. Na dawo daga cefane, na rataye jakata da leda mai mudun shinkafa a mariƙin keken. Na danna mariƙin don in ɗaga tayar gaba ta hau sulab, sai nauyin ya rinjaya, keken ya tafi baya gaba ɗaya. Ikon Allah, na tare shi da gwiwa, kuma yaron yana ɗaure. Kuka kawai ya yi. Na daɗe tsaye jikina yana rawa, domin na san abin da faɗuwa da ka take yi wa ɗan wata bakwai.

Daga ranar na riƙe abu uku. Kaya a kwandon ƙasa suke zama, ba a mariƙi ba, domin nauyi a ƙasa yana daidaita keke. Maɗauri ya zama mai rassa biyar, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi, kuma a ɗaure shi ko da nan da shagon kusa za a je. Na uku, tayar gaba ta kasance mai juyawa wadda kuma ake iya kullewa. A cikin shago ko asibiti ki sake ta don saukin karya kwana, a rairayi da gargada ki kulle ta ta miƙe. Mai ƙafa uku yana da rauni ɗaya: in tayar gaba ta karkace a kan tudu ko bakin rami, yana iya kifewa ta gefe. Don haka a wurin saye ki sa mai shago ya ɗora wani abu mai nauyi a kujerar, ki tura, ki juya, ki danna mariƙin ki ga ko yana saurin ɗagawa. In na gwanjo ne, ki girgiza tayar gaba da ƙarfi, domin wasu ana cire ta da ɗan maƙulli, in bai kama da kyau ba tana iya fita ana cikin tafiya.

Yanzu mun fito babban titi, 'yan kabu-kabu da Keke Napep suna wucewa. Ki lura, keken yana gabanki da kusan taku biyu, mai ƙafa uku ma hancinsa ya fi tsawo. In kika tsaya a bakin titi kina leƙen mota, yaron ya riga ki shiga titin. Ki tsaya da keken a gefenki, ki duba, sannan ki tura. Ki gwada birki tun a shago: taku ɗaya ya kulle tayoyin baya duka biyu, kuma ki iya sake shi da silifas ba tare da kin ji ciwo ba. Igiyar da ke jikin mariƙi ta sawa a wuyan hannu ce, kada ki yanke ta. Kuma kada ki bar wa yayarsa 'yar shekara biyar turawa a titi, komai naci.

Sai maganar zafi, wadda ta fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. A watannin Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Sau da yawa nakan ga uwa ta lulluɓe keke ruf da zane ko tawul don kare yaro daga rana. Niyya mai kyau ce, amma iska ba ta shiga, ciki ya zama kamar tanda, ga shi ba ki ganin fuskarsa. Jariri bai kai babba iya fitar da zafi daga jiki ba. Ki nemi keke mai faffaɗar rumfa da raga a gefe ko a baya, ki bar gaba a buɗe. Ki taɓa ƙarfen maɗaurin kafin ki sa yaro in keken ya daɗe a rana. Fita kuwa da sassafe ko bayan la'asar, ki bi inuwar dogon yaro. In an tashi yi wa yaro maganin sauro da yamma, raga ce ta dace, ba zane ba.

Ki duba shekarun ɗanki ma. Jaririn da bai kai wata shida ba wuyansa bai yi ƙwari ba. In aka zaunar da shi a jingine, kansa yakan faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya takura. Sai keken da kujerarsa take kwantawa shimfiɗe sarai. Ki karanta takardar da ke manne a jiki, za ki ga iyakar nauyin da yake ɗauka, yawanci kilo 15 ko 22. Ni da farko yayar ce a keken, ƙanen yana jikina, sai daga baya suka yi canji.

Gwaji na ƙarshe a hanyar Argungu na yi shi, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a mota ba, wani wuri kina hango fadamar shinkafa shar. Tun a gida aka fara daru, domin keken ya haura kilo 10, kuma ko an naɗe shi sai da muka cire tayoyin baya kafin but ya rufu. Da motar haya ce da sai an biya masa kuɗin kaya. Ki auna faɗin ƙofar ɗakinki da but ɗin motarku kafin ki saya, ki naɗe shi da kanki a gaban mai shago, da hannu ɗaya in zai yiwu, domin ɗaya hannun yana riƙe da yaro.

A gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mai da ita gidan tarihi a 1958, a waje muka ajiye shi, na ɗauki yaron muka shiga kallon kayan yaƙin Kabawa. A bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934, ranar babu taro, keken ya yi mini rana har kusa da ruwa. Amma da na tuna yadda wurin yake cika lokacin biki, mutum a jikin mutum, na san ranar ba ta keke ba ce. A cunkoso yaro yana ƙasa daidai gwiwoyin mutane da ƙura. Bayanki ya fi masa.

Shi ya sa har yau zanen goyo yana ninke a kwandon keken. Goyo yana ba yaro ɗumin jikinki, yana barin hannuwanki, yana shiga kasuwa da gidan biki da Keke Napep. Keke kuwa ya taimaki mai ɗinki, da mai ciwon baya, da mai 'yan biyu, da mai ciki ga wani a hannu. In ba ki cikin waɗannan, kuma fitarki duk a mota ce ko a babur, ki riƙe kuɗinki, ba ki rasa komai ba.

In kuwa kina buƙatarsa, gobe ki fita da ƙafa daga ƙofar gidanki zuwa inda kika fi zuwa, makarantar yara ko gidan su Mama ko asibitin awo. Ki ƙirga kwata nawa kika tsallaka, ina rairayi, ina ƙaya, ina inuwa. Da wannan lissafin za ki shiga shago.

Inna tana nan a ƙofar gidanta. Yanzu in mun wuce sai ta ɗaga wa yaron hannu ta ce, "Direba, a sauka lafiya." Ke fa, yaya hanyar unguwarku take, kuma me kika gani da naki keken?