Tarin Auta, Hunturun Bana

Litinin, 2 ga Disamba, Roni
Ƙarfe huɗu saura, tari ya sake tayar da Auta. Busasshe. Ƙirjin na fito kamar an cusa sarewa a ciki. A zaune na riƙe ta har kiran assalatu. Da hantsi kuwa ga ta can tana tsallen igiya.

Laraba, 4
Inna ta ce sanyi ne, a dafa citta da kanumfari. Maƙwabciya ta ce Allah ya sa ba tarin fuka ba. Ban rintsa ba.

Alhamis, 5, Kazaure
Likita ya saurari ƙirji da baya, tsaf. Yarinya har da dariya. Ya ce, "Maman Auta, haka asma take. Hanyoyin iska sun fi tsukewa wajen ƙarfe huɗu na asuba, rana ta yi su saki. Ke za ki kawo mini labarin daren."
Tambayoyi: turaren wuta? Igiyar leƙo? Kaskon gawayi a ɗaki? Duka e. Rama, zufar dare? Babu. Mai asma a dangi? Kawunta na Gwiwa.
Kaki dai a kai gwaji, kyauta ne. Da ƙyar ya samu. Sai bututun hurawa mai lambobi: safe da dare, hurawa uku, a rubuta mafi girma, mako biyu.

Asabar, 7
Hazo, ko ƙarshen layi ba a gani. Kasko ya koma zaure. Inna na fushi kan turarenta.

Talata, 10
Sakamakon gwajin kaki: ba tarin fuka ba ne. Alhamdulillahi. Na ci tuwo da yawa.

Alhamis, 12, tsakar dare
Yau ya fi kullum. Ramin wuyanta na lotsawa, magana guntu-guntu. Shuɗiyar inhela, maganin fesawa, a gindin gorar roba da muka huda, bakin gorar a bakinta, yadda nas ta nuna. Fesa ɗaya, shaƙa a hankali, sannan wata. Bayan 'yan mintoci fiton ya lafa. Hannuna ne bai daina rawa ba.

Lahadi, 15
Barci har safe, mu duka. Lambar bututun hurawa: jiya da dare 230, yau da asuba 210. Ranar Juma'a 170 ne.

Talata, 17
Tari kaɗan wajen asuba. Likita ya ce a yaro in tazarar safe da dare ta riƙa wuce kashi 13 cikin ɗari, alama ce mai ƙarfi. In lambobin ba su yanke hukunci ba, sai gwajin huhu a Asibitin Malam Aminu Kano. Baban Auta ya fara tambayar kuɗin mota. Jibi Kazaure.