Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Sa'ad da hutun rani ya gabato, mu huɗu 'yan aji ɗaya muka ƙulla shawara mu tafi Durɓi ta Kusheyi bisa dawaki, mu ga kaburburan sarakunan dā waɗanda aka fara tonawa a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Wurin yana gabas da birni, cikin ƙasar Mani, tafiyar wajen mil 20. Dukanmu mun taɓa hawan Salla a bayan iyayenmu, don haka muna ganin kanmu mahaya ne. Muka tafi wurin wani tsoho mai kula da barga, muka ce ya ɗaura mana sirada gobe da asuba.

Tsohon ya dube mu, ya ce, "Samari, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ba ni mako uku."

Muka ce, "Haba Baba, ba dawakin nan ne su ke ratsa kiɗa da bindiga ran Salla ba?"

Ya ce, "Ran Salla doki yana cikin 'yan'uwansa, ga zagi a gabansa. A daji kuwa ba shi da kowa sai wanda ke bisansa."

Ba mu ji ba. Da la'asar muka ɗaura sirada da kanmu, muka fita bayan gari mu gwada. Ba mu yi mil guda ba sai iska ta ɗauko wata baƙar leda ta watsa wa kilin da ke gaba. Ya zabura gefe, majayi kuwa ashe ya yi sako-sako, sirdi ya juye, ɗan'uwanmu ya faɗi. Allah ya taimake mu ƙafarsa ta fita daga likkafa, bai sami kome ba sai targaɗe a hannu. Muka komo muna jan dawaki, kunya ta hana mu duban tsohon.

Kashegari karatu ya fara, a gindin turke. Tsoho ya koya mana idon doki a gefen kansa su ke, yana gani kusan ko'ina, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Saboda haka ta wajen kafaɗa a ke zuwa masa, ana yi masa magana. Kullum da safe mu ke share jikinsu da hannunmu, mu ɗaga kofato mu cire tsakuwa, har kowane doki ya san muryar mai shi.

Sa'an nan aka kawo ledar nan da ta kā da mu. Aka ajiye ta nesa, aka bar kili ya dube ta, ya sunsuna. Kwana biyu aka matso da ita, kwana biyar ana goga masa ita a wuya yana cin harawarsa. Haka aka yi da lema, da babur, da tsallake kwata. Da ɗayanmu ya ɗaga bulala, tsoho ya riƙe hannunsa, ya ce wanda ya doki doki don ya tsorata, ya mayar masa da tsoro biyu.

Wajen ɗaurin sirdi muka gane laifinmu. Doki yakan ɗaure cikinsa sa'ad da a ke jan majayi, in ya saki jiki ɗaurin ya yi sako-sako. Watau sai a ja kaɗan, a zaga da shi, a sake ja, a kuma duba bayan an hau. Zubka kuwa a kakkaɓe ta, gama ƙarangiya ɗaya tak ta isa ta buɗe miki a bayansa. Linzamin ƙasarmu da kaifi, hannu mai nauyi yana fasa baki.

Muka riƙa fita rabin sa'a, har muka kai sa'a uku, cikin rairayi da kan fako. Cikin doki ƙarami ne, ba ya kuma iya amai, don haka hatsi kaɗan-kaɗan a ke ba shi, ba a cika masa gab da hawa. Ruwa kuwa da zafi yakan sha galan goma a yini.

Mu ma aka gyara mana zama: tsinin ƙafa kaɗai cikin likkafa, diddige ƙasa, takalmi mai dunduniya, tsakanin doki da doki tsawon doki guda saboda harbi. Hular kwano ce muka ƙi, wai ba ta da kwarjini. Tsoho ya ce mu je filin folo mu gani ko da mai shiga ba ita. Muka sa.

Ranar tafiya muka tashi bayan sallar asuba, muna cin mil huɗu a sa'a, muna sauka loto-loto mu sassauta majayi. Da hantsi, a wata siririyar hanya, sai ga babur ya ɓullo daga bayan shinge, ɗauke da jarkoki suna ƙara. Kili ya miƙe kunnuwa, ya tsaya cik. Mai targaɗen nan ne bisansa, mun kuwa ga fuskarsa ta sāke. Amma bai finciki kamazuru ba, bai matse ƙafa ba. Ya zauna daram, ya shafa wuyansa, yana kiransa a hankali. Kili ya yi huci sau ɗaya, ya wuce. Daga baya ya gaya mana gabansa faɗuwa ya ke yi, sai dai ya tuna in tsoronsa ya bi ta kamazuru ya kai bakin doki, shi ke nan.

Muka isa Durɓi kafin azahar, muka shayar da dawaki kafin mu sha, muka duba bayansu, ba miki ko ɗaya.

To, 'yan'uwa, wanda ke da niyyar irin wannan tafiya hutu mai zuwa, ya fara neman turke tun yanzu. Allah ya kiyashe mu faɗuwa, amin.