Ranar Da Muka Ja Jirgin Kawu Zuwa Tiga

A hutunmu na watan Disamba 2023, kawuna da ke kamun kifi a Tiga ya zo Kano ya sayi jirgin ruwa na hannu, tare da injinsa da 'yar tirelar da ake ɗora shi a kai. Shekara uku yana zubin adashi, sai da ya haɗa da sayar da ɗan maraƙinsa sannan kuɗin suka cika. To, an saya, saura kai kaya gida. Mahaifina direba ne, saboda haka ya roƙi maigidansa aron motar da yake tuƙawa, wata ƙatuwar jif ƙirar Toyota Land Cruiser. Aka ba shi ita ta yini ɗaya, bisa sharaɗin ya dawo da ita ba ko ƙwarzane. Ni kuwa aka ce in bi su in zama yaron mota.

Da asuba muka ɗaura tirelar. A bayan motar akwai wani dunƙulen ƙarfe kamar lemo, shi ake kifa wa bakin tirelar a kulle. Baba ya ƙara da sarƙa biyu, ya gitta su ta ƙasa, don ko bakin ya suɓuce ya faɗa kansu kada ya caki kwalta. Ni dai na ƙosa mu tashi. Na ce, "Baba, ai motar nan ko giwa ce za ta ja." Ya ce haka ne, an ƙera ta ta ja kilo 3,500, namu kuwa bai fi 1,000 ba, amma ja daban, tsayawa daban. Sannan ya jera injin da jarkokin mai huɗu daga kan tayoyin tirelar zuwa gaba. Ya ce wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin ya kamata ya danne dunƙulen nan, wato kamar buhun masara guda. Na ce to, amma hankalina yana kan hanya.

Muka kama hanyar Zariya, Baba bai yarda ya wuce kilomita 60 ba, har 'yan acaɓa suna wuce mu. Da muka isa Kura, garin shinkafa, Kawu ya sayi buhu biyu na tsaraba. Suka shiga karin kumallo, suka bar ni da masu dako in ga an loda. Bayan jirgin ya fi sauƙin kaiwa, sai na ce a jibge su can. Ban tsaya nan ba, na jawo jarkokin ma baya don su tokare buhunan, na rufe da tamfal, ina jin na yi dabara.

Ba mu yi nisa ba muka zo wata 'yar gangara, sai ga tanka ta wuce mu a guje. Iskarta ta bugi jirgin. Na ji motar ta yi wani irin motsi, na waiga, sai na ga jirgin Kawu yana kaɗa wutsiya, ya yi dama ya yi hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Ƙatuwar motar nan da nake taƙama da ita, sai ga tirela tana wasa da ita kamar akuya a turke. Kawu ya dafe kai yana salati, yana cewa, "Malam, birki! Taka birki!" Baba bai ce uffan ba. Ya riƙe sitiyari miƙe da hannu biyu, ya ɗaga ƙafarsa daga totur a hankali, ya bar motar ta rage gudu don kanta. Daga baya ya gaya mana cewa da ya danna birki da ƙarfi, da tirelar ta turo mu ta naɗe da motar, mu da jirgin mu sauka cikin gonakin mutane.

Da muka tsaya a gefen hanya, ya sauka ya yaye tamfal, ya daɗe yana kallon buhunan. Ya ce, "Wa ya yi wannan lodin?" Masu dakon Kura suna can nesa, ba mai ƙaryata ni in na ɗora musu, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya zo mini a rai. Amma na dubi Kawu, har yanzu hannunsa yana rawa a jikin jirgin. Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai dake ni ba. Cewa ya yi in sa hannu in ɗaga bakin tirelar bayan ya kwance makullin. Da hannu ɗaya na ɗaga shi, alhali da asuba mu biyu muka yi ta nishi. Nauyin duk ya koma baya, har yana neman ɗage ƙafafun motar na baya daga ƙasa. Ya sa ni na mai da kayan nan gaba ni kaɗai, su suna zaune a inuwa.

Da hantsi muka isa dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A nan na ga wani abin mamaki: in za a yi ribas da tirela, sai ka juya sitiyari hagu ita ta yi dama. Baba ya jira tayoyin suka huce, wai ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ya ɓata giris, sannan ya gangara da ita sannu a hankali har jirgin ya taso kan ruwa. Kawu ya ja igiyar inji sau uku ya tashi. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Ɗana, shigo, kai ne fasinjana na farko." Na waiwayi Baba, ya ce in je, amma in tuna wankin mota yana jirana kafin magariba.