Ƙafar Da Ta Daina Kai Ƙara



Kalmar da ta fi ba ni wahala a wurin aiki ita ce "jijiya". Da ita Bahaushe yake kiran hanyar da jini ke bi, da ita kuma yake kiran zaren da ke ɗaukar saƙon zafi daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a cikin birnin Zariya, kuma ranar Talata nake zama da masu ciwon suga a kan benci ina koya musu kula da ƙafa. In na ce suga yana lalata jijiya, sai tsoho ya dubi bayan hannunsa ya ga jijiyoyinsa raɗau, ya ce, "Sista, ai nawa lafiya lau." Shi ya sa nake bi ta wata hanya. Nakan ce ƙafa tana da ɗan aike, wanda in ƙaya ta soke ta yake rugawa ya kai ƙara. Suga in ya daɗe da yawa a jini, ɗan aiken yake fara kwantarwa. Ƙaya za ta shiga, ba mai zuwa ya faɗa.

Wannan shi ne abu mafi wuyar koyarwa, domin a wurinmu "ba ya ciwo" albishir ne. Kowa in ya je dubiya tambayarsa ke nan: ya jiki, da sauƙi? Ni kuwa sai in gaya wa mutum cewa rashin zafin shi ne abin tsoro. Ga kuma ɗaya jijiyar, ta jini, ita ma suga yana ƙuntata ta, don haka ciwon da zai warke cikin mako a ƙafar wani, a tasa sai ya zama gyambo.

Muna da wani siririn zaren roba mai kama da igiyar fatsa, wanda yake lanƙwasa in an danna shi da nauyin giram 10. Mutum zai rufe ido, in taɓa ƙasan babban yatsa da tudun tafin ƙafa, ya ce "na ji". Akwai wani dattijo mai ɗinkin babbar riga daga wajen Kwarbai, ya fi shekara 10 da ciwon. Na danna, na sake dannawa, yana zaune ido rufe yana murmushi. Can ya ce, "'Yata, ki fara mana." Da na juya tafin sai ga guntun allura a cikin kaushi, wurin ya yi taushi yana fitar da ruwa. A zaure yake aiki, ba takalmi, kamar yadda ya gada. Bai san ranar da ta shiga ba.

A gida an riga an gama magana: an ɗebi sawunsa ne. Ban yi musu da matarsa a kan wannan ba, don musu ba ya kai kowa asibiti. Na ce a ci gaba da addu'a, amma gobe da asuba a kama hanyar Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Sun yi kwana 9 kafin su haɗa kuɗin mota da na gwaji. An cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira.

Takardun wayar da kai da ake rabawa, musamman ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya (a 2005 ma kan ƙafa aka yi taken ranar), suna cewa a wanke ƙafa kullum. Wannan ba da mu ake ba. Mutumin birni sau biyar yake wanke ƙafa tun kafin a haifi mai rubuta takardar. Abin da ya rage mana shi ne tsanewa. Ana idar da alwala a zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a silifas, ruwa ya kwanta tsakanin yatsu, fata ta yi fari ta dare, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Sai nake cewa a ajiye ɗan ƙyalle mai tsabta kusa da buta, a goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, kuma tunda an riga an sunkuya, a duba. Wanda idonsa ya yi rauni, ko bayansa ba ya lanƙwasuwa, ya sa jika ko ya ajiye madubi a ƙasa. Mai rauni a ɗaure kuma kada ya kwance don alwala. Malamanmu sun san hukuncin shafa a kan bandeji, ya tambaye su.

Kowane lokaci da irin haɗarinsa. A bazara, Maris da Afrilu, sahun Juma'a a masallacin ƙofar fada yakan fito har waje, mutum ya tuɓe takalmi ya taka ƙasa mai zafi zuwa dardumarsa. Mai lafiyar ƙafa zai yi tsalle-tsalle, mai suga zai yi tafiyarsa a natse ya koma gida da bororo. Safa nake cewa a sa, fara in da hali, don ko ɗigon jini ne za a gan shi. A hunturu kuma kaskon garwashi ne, da ruwan zafi na gasa ƙafa, da faso. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Faso a shafa masa man kaɗe ko basilin, ban da tsakanin yatsu. Reza kuwa haramun ce a ajina, kuma da gangan nake amfani da wannan kalmar. Mata sukan yi dariya in na zo kan lalle. Ban hana ƙunshi ba, ni ma ina yi, amma baƙin lalle yana ɓoye jan fata da baƙin da ke nuna jini ya daina zuwa, don haka wadda ƙafarta ta daina ji gara ta bar tafin fili.

Masu yankan farce da ke yawo suna kaɗa almakashi daga Babban Dodo zuwa kasuwa, ba na son a raba su da abincinsu. Biyu daga cikinsu sun zauna a bencina, na nuna musu a yanke farce a miƙe, kada a tono gefe, kuma su tambayi mutum ko yana da suga kafin su taɓa shi. Ɗayan ya ce in ya tambaya ana jin haushi, wai yana yi wa mutum fatan ciwo.

Inda har yau ban sami bakin zaren ba shi ne takalmi. Littafi ya ce rufaffe, mai faɗin baki, mai laushin ciki, a saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zazzage shi a laluba cikinsa da hannu kafin a sa. Zazzagewa kyauta ce, kowa yana yi. Amma mutumin da yake zaɓa tsakanin ƙwayar metformin ta wata da kwanon masara, in na ce ya sayi takalmi sai ya sunkuyar da kai ya ce "to". Na san ma'anar wannan "to". A yanzu abin da muke yi shi ne kambas na gwanjo, a ƙara lamba ɗaya a kan ta mutum, a kai wa baduku ya shimfiɗa soso a ciki. Dattijon Kwarbai irinsa yake sawa a zaure, abokan ɗinkinsa suna ce masa ɗan ƙwallo.