Ƙarfi a Ruwa, Saiti a Fiffike

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma a makarantu da dama na ƙasar nan, daga Tawa har Damagaram, ji ne ke korar gani. Ɗalibi zai haddace dokokin motsi uku da Isaac Newton na Ingila ya wallafa a 1687, ya zuba su a takarda ranar jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa ganin ɗayarsu ta ɗaga ko da karan dawa ba. In an tambayi dalili, sai a ce babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki.

Wani malamin kimiyya a wata kwalejin ƙasar Damagaram bai tsaya jiran kayan aiki ba. Kowace shekara yakan sa ƴan ajinsa su tara gorunan lemu na lita 1,5, irin masu gas, domin su ne aka ƙera don jure matsi. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe baki da toshi mai bawul ɗin tayar keke, a kifa gorar, a dinga bugun iska da famfo. Idan matsi ya kai, toshi ya fice, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama. Ga doka ta uku a fili: abin da ya tura ruwa baya, shi ruwa ke turawa gaba. Wannan ita ce rokar ruwa.

Yara famfo suke so. Kowa na son ya buga, kowa na son ya ji ƙarar tashi. Shi kuwa malamin, darasinsa yana wani wuri. Ruwan yakan ƙare kafin a ƙifta ido sau biyu, sauran tafiyar duka gora ce wofi cikin iska. Gora wofi kuma ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Da ta tashi sai ta shiga tuntsura gudi-gudi, ta faɗo inda ta ga dama, wataƙila kan mai kallo. Fikafikan da ake manna mata ba sa ƙara mata ƙarfi ko kaɗan. Aikinsu ɗaya ne: su sa kai ya tsaya gaba.

Don ya fahimtar da su haka, yakan gayyato wani tsohon maharbi da kwarinsa. Yara su dubi kibiya, su ga kyauro da ƙarfe, babu gashin tsuntsu irin na kiban da suke gani a littattafan Turawa. Wata rana wata ɗaliba ta ce: "Baba, taku ba ta da fiffike, me ya hana ta juyawa?" Tsoho ya ɗora kibiyar bisa yatsa, ta tsaya daidai kusa da tsini, ya ce: "Ƴata, nauyi ke jan gaba. Kyauro biya kawai yake yi."

Daga nan malamin ke ɗauka. Kowace roka tana da cibiya biyu. Ta farko cibiyar nauyi, inda za ta zauna bisa yatsa ba ta rinjaya ba. Ta biyu cibiyar turin iska, inda bugun iska ke taruwa idan ta same ta daga gefe. Muddin ta nauyi tana gaba, ta iska tana baya, da tazarar da ta kai faɗin gorar ko ninkinsa, to duk sa'ad da roka ta karkace iska za ta kama wutsiya ta maido ta kan hanya. Maharbi ya kai ga wannan ta hanyar nauyaya kai. Mai gora yana yin biyun: ya sa curin yumɓu a kai, ya sa fikafikai a can ƙarshen baya, wajen bakin gorar.

Ko manyan masana sun sha wuya kan wannan batu. Robert Goddard, wanda ya harba roka ta farko mai aiki da man ruwa a Amurka ranar 16 ga Maris 1926, ya ɗora injin a sama, tankunan mai a ƙasa, da zaton abin da ake ja daga gaba zai miƙe da kansa. Rokar ta tashi mita 12 da ɗoriya, ta karkace, ta faɗi cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ƙarfi dabam, saiti dabam.

Ranar manna fikafikai ita ce ranar da ajin ya fi yin shiru. Ana yanka su daga robar tsohuwar jarka ko kwali mai kauri, a haɗa su wuri ɗaya a goge gefensu har su zama tamkar ɗaya. Uku sun isa, huɗu ma daidai ne. In uku ne, digiri 120 tsakanin kowane biyu, in huɗu ne, 90. Ba a bukatar ma'aunin kusurwa. A naɗa siririyar takarda a jikin gorar, a yanke ta inda bakinta biyu suka haɗu, a auna tsawonta a raba. In kewayen santimita 27 ne, kowane fiffike na da 9. Mai son huɗu kuwa ninka takardar kawai zai yi sau biyu. Sannan a jingina gorar a kusurwar katakon ƙofa, a ja layi daga kowace alama, domin hannu kaɗai ba ya jan miƙaƙƙen layi a kan abu mai zagaye.

Wurin mannawa akwai doka wadda malamin ba ya sassautawa: ba a huda gorar da za ta ɗauki matsi, ba a kankare ta, ba a kai mata gam mai zafi, domin zafi na raunana robar, kuma raunanniyar gora fashewa take yi. Sai a yanko zobe daga wata gorar, a kafa fikafikan a jikinsa, kowanne da ƴan kunnuwa biyu a gindi, ɗaya hagu ɗaya dama, a ɗaure zoben da salatif mai ƙarfi. Bayan haka ɗalibi ya rufe ido ɗaya ya hango rokar daga wutsiya, kamar yadda magini ke hangen bango. Fiffiken da ya nuna masa gefensa, ya karkace ke nan. A cire a sake.

Nan ne yara ke ƙosawa. "Malam, ai kaɗan ne ya goce." Shi kuwa ya san kaɗan ɗin. Roka da aka saita da kuskuren digiri ɗaya, in ta yi mita 50, ba ta kauce da cikakkiyar mita ba. Amma karkataccen fiffike ba sau ɗaya yake kuskure ba: muddin iska na bi ta kansa yana ci gaba da juya rokar, har abin da aka nufa sama ya koma bin kan jama'a. In kuma duka suka karkata gefe guda, sai ta tashi tana katantanwa, ta miƙe amma ta yi asarar tsawo. Masu girman da ya wuce kima su ma da nasu aibin: a lokacin hunturu sukan sa roka ta juya kai ta fuskanci iska.

Kafin a fita fili akwai gwaji na ƙarshe. A ɗaura igiya a cibiyar nauyi, a wulwula rokar a zagaye. Wadda ta bi da kai a gaba ta sami izinin tashi. Wadda ta bi da gefe ko da wutsiya ta koma tebur. A fili kuma kowa baya yake ja, mai famfo ma da dogon tiyo yake bugu.

A 2015 ɗaliban Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu sun kai rokar ruwa mita 830. Malamin yakan faɗa wa ƴan ajinsa wannan don su san iyakar abin tana da nisa. Amma a littafinsa na maki ba tsawo yake rubutawa ba. Yana duba wadda ta tashi a miƙe, da wanda ya iya bayyana dalilin miƙewarta, da wanda ya cire fiffike sau uku ya sake mannawa ba tare da an ce masa ya yi ba. Wannan ɗalibin, ko gobe gini ya kama, ko ɗinki, ko aikin asibiti, ya riga ya koyi aunawa kafin yankawa.