Matsumoto: Garin Da Ɗige-ɗigensa Suka Kai Faris

Birnin Matsumoto yana tsakiyar ƙasar Japan, cikin lardin Nagano, manyan duwatsu sun kewaye shi. Daga Tokyo tafiyar ba ta cika awa 3 a jirgin ƙasa ba. A da, abin da ke jawo baƙi shi ne baƙar fadar nan ta sarakunan yaƙi wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 16. Yanzu kuwa ta sami kishiya, watau gidan zane-zane na birnin da aka buɗe a 2002. Gaban ginin duk jajayen ɗige-ɗige ne, a ƙofarsa kuma ga waɗansu ƙerarrun furanni da suka ninka tsawon mutum.

Wannan aikin Yayoi Kusama ne, wadda aka haifa a garin a 1929, a gidan masu sana'ar irin shuka. Tun tana yarinya take fama da wata lalura, sai ta riƙa ganin ɗige-ɗige sun lulluɓe kome, har jikinta. Ba ta sami sauƙi ba sai ta zana su. Mahaifiyarta ba ta so ba, har takan ƙwace mata takardu. Ta tafi Amurka a 1957, ta komo gida a 1973.

A shekarar 2006 ne Marc Jacobs, Ba'amurken da a lokacin yake shugabantar tsara kayan kamfanin Louis Vuitton na Faris, ya ziyarce ta a Tokyo. Ta nuna masa wata jakar kamfanin wadda ta yi wa ɗige-ɗige da hannunta.  A 2012 ɗige-ɗigen suka hau jakunkuna da takalma da riguna, har da fuskar kantuna. A shekarar ce kuma kamfaninsa na kansa ya fito da turare mai suna Dot, watau ɗigo.

Akwai masu ganin an mai da maganin mara lafiya hajar attajirai. Sai dai ita kanta ta kafa kamfanin tufafi tun 1968, saboda haka kasuwa ba baƙuwarta ba ce.

Mutanen Matsumoto kuwa, da suka juya mata baya lokacin da labarin nune-nunenta na tsiraici a Amurka ya iso musu, su ne daga baya suka yi wa motar safa ta cikin gari ado da jajayen ɗige-ɗigenta.